Santimita Goma Sha Ɗaya na Mai Nasara

Baba ya ce a turo magabata. Ya faɗi haka ranar Asabar da ta wuce, a Mirriya, gab da kiran magariba, a gindin wata bishiyar bedi, bayan mawaƙin da kuka sani da Mai Nasara ya yi wasan awa ɗaya da rabi babu takalmi a ƙafarsa. Shaidu biyu ne, ni da Gwaggo Delu. Gwaggo ta rangaɗa guɗar da ta sa wani mai sayar da rake ya saki wuƙarsa.

A gidan rediyon da nake aiki haka aka koya mana: a fara da abin da ya faru, sauran bayani ya biyo baya. To ga sauran.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, sunana Lubabatu, shekarata ashirin da bakwai, ina sashen labarai a wani rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram. Gidanmu yana cikin Birni. Babana Malam Alkasum baduku ne, shekara talatin yana ɗinkin fata, amma a kasuwa ba wanda ya san shi da wannan suna, Ɗanƙarami ake ce masa. Gwaggo Delu yayarsa ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar Innarmu, kuma tun ranar da na gama lise, wato sakandare, take tuna min shekaruna kowace safiya, kafin ma ta amsa gaisuwa.

Shi kuwa Mai Nasara, sunansa na yanka Mahamud, ɗan manoma ne daga Zermu. Wanda ya taɓa ganinsa a dandamali ya san siffar: dogo, farar babbar riga har ƙasa, baƙin tabarau, jar hula mai tsayi, jan takalmi mai wuya wanda bakinsa kawai ke leƙowa. Ba ya rawa. Yana tsayawa cak a tsakiya, ya ɗaga hannu ɗaya a hankali har rigar ta buɗe, sannan ya saki murya. Samarin gari sun sa wa abin suna, tsayuwar Mai Nasara, suna kwaikwayonta in za a ɗauke su hoto. Ni da bakina na taɓa faɗa a rediyo cewa rashin rawarsa kamewa ce mai ƙara wa muryarsa nauyi. Ku riƙe wannan jimla, za ku yi min dariya da ita nan gaba kaɗan.

Hira ce ta haɗa mu, wata huɗu da suka wuce. Ɗakin ɗaukar muryarmu da kafet aka shimfiɗe shi, kowa sai ya cire takalmi a ƙofa. Ya leƙa, ya ce shi ya fi son a yi hirar a tsakar gida, saboda iska. Na fito da mikro waje. Da muka gama ya tambayi lambata don ya ji ranar da za a sa hirar. An sa ta, an maimaita, bai daina kira ba.

Da ya fara zuwa zance, sai bayan la'asar, a wata farar mota, tare da Rashid mai kula da harkokinsa, wanda yake zama a cikin motar yana latsa waya. Kullum ina fito da tabarma, kullum yana cewa in bar ta, shi ya saba da tsayuwa. Wani lokaci ya zauna a dakalin ƙofar gida ya miƙe ƙafa. Da ladan ya fara gyaran murya, sai ya yi sallama, ya ce zai yi salla a unguwarsu. Tafiyarsa daga dakali zuwa mota a hankali take, taku ɗaya bayan ɗaya. Matan layinmu suka ce tafiyar ƙasaita ce. Ni ma haka na ɗauka.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son tsayin nan. Tsawona mita ɗaya da sittin da takwas, tun a lakwal, muna 'yan makaranta, ni ake turawa layin baya. Wannan ne karo na farko da na ɗaga kai don in kalli namijin da ke min magana. Hotonmu guda da Rashid ya ɗauka a jikin mota, shi na sa a fuskar wayata.

Gwaggo ce ta fara gajiya.

"Wata huɗu mutum yana tsaye a ƙofar gida kamar mai jiran kabu-kabu. Ba shi da baki ne da zai shigo ya gaida ubanki?"

"Gwaggo, kunya yake ji."

"Wanda yake tsayawa gaban mutum dubu? Ki gaya masa Juma'a. Na riga na gaya wa Maryama da su Habiba surukina zai shigo, kada ki sa in zama maƙaryaciya a unguwa."

Baba yana gefe yana goge basilla. Duk wata huɗun nan bai taɓa cewa komai game da Mahamud ba, ko da kalma ɗaya. Ranar ya ɗago ya ce, "Juma'a ta yi. Ni zan yi shimfiɗar zaure da kaina."

Na lura da wannan magana, domin Baba bai taɓa shimfiɗa wa baƙo tabarma da hannunsa ba. Na lura, ban fahimta ba.

Ranar Juma'a Gwaggo ta tashi gidan tun asuba. Ta yi alkaki, ta dama fura da nonon da ta aika aka sayo tun safe, ta zuba dabino a faranti mai murfi, ta turara zaure da turaren wuta har sau uku. Ni ta sa ni lafaya ruwan zuma, ta cire min 'yan kunnen da na zaɓa ta sa min nata na zinariya. Kafin la'asar maƙwabta huɗu, har da Maryama da Habiba, sun shigo, wai aron turmi, duka huɗun da kwalliya. Muka jeru a bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida.

Baba ya shimfiɗa tabarmi uku da darduma a kai, tun daga bangon ciki har bakin ƙofa. Bai bar ko tafin hannu na ƙasa ba.

Ƙarfe biyar saura kwata mota ta tsaya. Mahamud ya fito cikin farar shadda mai ɗaukar ido, aikin wuyanta har cibiya, jar hula, tabarau. Maryama ta ce a hankali, "Sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar nan." Ya yi sallama. Baba ya amsa daga ciki.

Ya ɗaga ƙafa zai shigo, ya ga darduma. Ya ɗago ya ga Baba. Ya tsaya.

Na duba agogo daga baya na kimanta: ya kai minti ɗaya a tsaye. Rashid yana bayansa yana shafa ƙeya. Baba bai ce shigo da takalminka ba, kuma ba wanda zai taka shimfiɗar surukinsa da takalmi a Birni ya sake nuna fuskarsa. Mahamud ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya durƙusa, ya tattare riga, ya fara kwance igiya. Takalmin ya kai rabin ƙwauri. Ya zare na dama, ya zare na hagu, ya miƙe.

Rigar ta taru a ƙasa kewaye da ƙafafunsa. Ƙofar da aka ce sai ya sunkuya, ya shige ta hularsa ba ta taɓa komai ba.

Gwaggo ta ja labule ta ƙara leƙawa. "Ina shi ya yi?"

"Gwaggo, yi shiru."

"Ƙaninsa ya turo? Ke, wannan ba shi ba ne. Maryama, duba waje ko yana cikin mota."

Habiba ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

Mahamud ya tako yana riƙe da riga da hannu biyu, ya durƙusa gaban Baba ya gaishe shi. Baba ya amsa har da tambayar mutanen Zermu da yadda hatsi ya yi bana. Sannan ya ce, "Na hagun har yanzu yana matse maka ɗan yatsa?"

"Ya daina, Baba."

"Ai na ce maka fatar za ta saki. Rashid, miƙo min su."

A nan ne muka ji abin da ba mu sani ba. Shekara uku da suka wuce, Rashid ya kai wani yaro mai murya shagon Ɗanƙarami a kasuwa, aka ce a ɗinka masa takalmi mai tudu a ciki, wanda ba za a gane daga waje ba. Baba ya ɗinka, ya sa tudun yatsu shida. Mahamud bai taɓa haɗa Ɗanƙarami na kasuwa da Malam Alkasum mahaifin Lubabatu ba. Baba kuwa tun washegarin zuwansa na farko ya gane, domin duk takalmin da ya ɗinka yana huda ƙaramin tauraro a tafinsa, kuma da ya fito sallar asuba ya ga tauraronsa a rairayin ƙofar gidansa.

Gwaggo ta kasa haƙuri, ta yi magana daga bayan labule. "Alkasum, wata huɗu ka sani ka bar ni ina cika baki a unguwa?"

"Yaya, awon mutum amana ne. Da ina faɗar abin da nake aunawa, da rabin manyan garin nan sun daina gaishe ni."

Ya juya takalmin, ya duba tafin, ya danna da babban yatsa. Fuskarsa ta mai sana'a ce, ba ta suruki ba.

"Ya cinye ta gefe. Wannan na taka katako ne, na dandamali, kai ka yi ta taka duwatsun Birni da shi." Ya ajiye shi a gefensa. "Mahamud, waƙa sana'a ce kamar dukanci, ban raina ta ba. Takalmin nan ni na ɗinka, kuma ina alfahari da shi. Amma don dandamali na ɗinka, ban ɗinka don ƙofar gidana ba. 'Yata yau ta fara ganinka. Wata huɗun da suka wuce wani ne yake zuwa. Ka bar su a nan in gyara. In ka dawo da tsayinka, sai mu yi magana. In ba ka dawo ba, na san amsa."

Ya tura masa silifan alwalarsa, shuɗaye, ɗaya an ɗaure da waya. Da su Mai Nasara ya fita daga gidanmu, yana tattare da shadda. Bai taɓa alkakin ba. Maƙwabta suka cinye, sun manta da turmin.

Za ku tambaye ni me na ji. Ban yi dariya ba, ban yi kuka ba. Haushin kaina na ji. Ni da ake biya don in lura, wata huɗu mutum yana gudun tabarma a gabana ban tambayi dalili ba.

Kwana biyu bai kira ba. Ranar Lahadi da hantsi saƙo ya shigo.

Shi: Kin gani.

Ni: Na gani.

Shi: To?

Ni: Santimita nawa?

Shi: Goma sha ɗaya.

Ni: Kenan na fi ka da biyar.

Shi: Da hula mun yi daidai.

Ni: Me kuma ba naka ba? Ka lissafo duka, kada in ji a wani wuri.

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

Shi: Motar ta kawun Rashid ce. Agogon hannuna ba ya aiki. Rigunan nawa ne amma tela da takalmin ya auna ni. Ba na son tabarau, ba na ganin matakala da shi.

Ni: Saura?

Shi: Muryar tawa ce. Abin da na faɗa miki a dakali ma nawa ne.

Ni: Me ya hana ka gaya min?

Shi: Ranar hira kin ɗaga kai kin kalle ni kin yi murmushi. Daga nan na kasa saukowa.

Na karanta wannan sau uku. Na rubuta masa cewa Baba yana shago kullum daga takwas zuwa la'asar. Alamar ta nuna ya karanta. Bai zo ba.

Rashid ne ya zo, ranar Laraba, na tarar da shi a shagon da na kai wa Baba abinci. Yana zaune a kan buhun fata, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba Ɗanƙarami, Asabar muna da wasa a Mirriya. Ƙungiyar matasa ce ta gayyace mu, an manna afish na tallar wasan a bango tun sati biyu. Takalmin nan guda ɗaya ne a duniya."

"Mai shi ya zo."

"Kunya ta hana shi fita ɗaki. Baba, ba ku san yadda muka faro ba. Yaron nan da muryar nan tasa na kai shi bukukuwa goma sha. Yana waƙa, mata suna hirar anko. Wata ta taɓa miƙa masa kwano ya kai mata kicin. Ranar da ya sa takalmin nan da rigar nan, ya fito bai ce komai ba, wuri ya yi tsit. Murya ɗaya ce. Mutane ba kunne kaɗai suke kawowa wurin wasa ba, da ido suke zuwa."

"Gaskiyarka," in ji Baba. "Shi ya sa na ɗinka."

"To a ba ni."

"Mai shi ya zo."

Rashid ya juyo gare ni. "Madam, ki sa baki."

"Ni tuwo na kawo."

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Takalman suna rataye a ƙusa bayan kan Baba, an sake musu tafi, an goge su da mai. Gwaggo ta daina ambaton sunansa, ta koma ce masa ɗan guntun nan, kuma ta fara yi min maganar wani ɗan ƙawarta mai aikin duwan, wato kwastan. Na gane cewa idan Asabar ta wuce haka, maganar ta mutu, ba tare da kowa ya ce ta mutu ba.

Ranar Asabar shugaban sashenmu ya tura ni Mirriya in ɗauko rahoton wasan. Ban nema ba, ban ƙi ba. Gwaggo ta ce za ta raka ni, wai tana son ganin yadda ƙarya ke ƙarewa, amma ta sa sabuwar atamfarta. A tasha muka tarar da Baba a gaban mota. Ya ce akwai majemin da yake sayen fata a wurinsa a Mirriya. Hannunsa babu komai. Na duba sau biyu.

Filin ya cika tun kafin la'asar. An kafa dandamali na katako, an jera sono, wato manyan lasifikoki, masu gita da mai piyano da mai kalangu sun hau. Samari da yawa sun zo da baƙin tabarau da jajayen huluna. Baba ya zaɓi gindin bedi can baya. Ni na matsa gaba da na'urata.

Mai gabatarwa ya ɗauki minti biyar yana kirari. Ya ce dogo ɗan Zermu, ya ce mai tsayuwar da ba a kwaikwaya. Kiɗa ya tashi. Aka ja labule.

Ya fito da farar riga tana jan ƙasa, yana riƙe da gefenta. Da ya hau matakala kowa ya ga ƙafa tsirara. Ya zo tsakiya ya tsaya gaban mikro, mikro yana daidai goshinsa.

Kiɗan ya lafa da kansa. Na ji wani a bayana ya ce, "Ɗan aikensa ne." Wata ta ce, "An rage shi a wanki." Dariya ta fara daga gefe ɗaya tana yaɗuwa. Na hango Rashid a bayan sono ya dafe kai da hannu biyu.

Mahamud ya ɗaga kai ya kalli mikro. Ya yi ɗage, bai kai ba. Ya ɗan yi tsalle ya ce "Assalamu," ya sauko, ya sake tsalle ya ce "alaikum." Filin ya fashe. Ya jira har suka gaji, sannan ya cire mikron daga jikin ƙarfen ya riƙe a hannu, ya cire tabarau ya miƙa wa mai kalangu.

"Mutanen Mirriya, ni ne. Shekara uku kuna ganina da ƙarin yatsu shida. Ba nawa ba ne, aikin wani baduku ne a Birni, kuma ya fi ni iya sana'arsa, tunda ba wanda ya gane a cikinku. Ya riƙe kayansa. Yau abin da uwata ta haifa shi kaɗai ya zo. In bai ishe ku ba, ku faɗa, in sauka."

Wani tsoho daga gaba ya ce, "Yi waƙar mu ji, ba gini muka ɗauko ka ba."

Ya tattare rigar, ya naɗe ta ya ɗaure a ƙugu kamar mai shiga gayya. Ya ba mai kalangu ido. Ya saki murya.

Muryar kun san ta, ba sai na bayyana ba. Abin da ba ku sani ba shi ne ƙafar. A amshi na biyu ta dama ta fara buga katako, ta hagu ta amsa. Kafin a kai tsakiyar waƙa ya bar inda yake tsayawa shekara uku, ya ratsa dandamalin daga gefe zuwa gefe, yana rawar da samarin ƙauye ke yi in an gama noman gayya, duƙe, kafaɗa tana karkarwa, diddige yana dukan ƙasa. Mai kalangu ya bar bin piyano ya koma bin ƙafarsa. Mutanen ƙauyukan da suka shigo gari suka gane rawarsu, suka yi ihu suka kutso gaba. Samarin tabarau suka tsaya kallon juna, sannan ɗaya ya zare takalminsa ya ɗaga sama. Cikin minti goma na ƙirga takalma sama da talatin a iska, na daina ƙirgawa.

A nan ne jimlata ta dawo min. Kamewa mai ƙara wa murya nauyi. Bawan Allah ba kamewa yake ba, tsoron faɗuwa yake ji.

Na waiga neman Gwaggo. Tana tsakiyar wasu mata, ɗankwalinta ya zame, tana gaya wa wadda ke kusa da ita, "Surukina ne. Tun yana dogo na san shi."

Da aka tashi, bai bi ta bayan labule ba. Ya sauko ta gaba, ya ratsa mutane suna shafa kafaɗarsa, ya zo inda nake. Gumi ya wanke shi, ƙafafunsa sun yi fari da ƙura. Wannan ne karo na farko da muka tsaya kusa da juna a ƙasa ɗaya. Sai da na ɗan sunkuyar da ido.

"Yana nan?" ya tambaya.

Na nuna masa bedin.

Ya je ya durƙusa. Baba ya daɗe yana kallon ƙafafun, ba fuskar ba.

"Me ya yanke ka a nan?"

"Ƙusar katako ce, Baba. Kaɗan ne."

"Ka wanke da ruwan gishiri. Ka gaya wa mutanenka na Zermu su zo Juma'a ta sama."

Nan ne guɗar Gwaggo da wuƙar mai rake suka shigo.

Aikina bai bar ni na tsaya nan ba. Kafin mu hau mota na je wurin mai sono, wani Bukar, na tambaye shi yadda aka yi bai sauke mikro ba, alhali ya ga mutumin tun a bayan labule.

"Madam, na zo zan sauke. Shi ya ce in bar shi a sama. Har ma ya sa na ƙara yatsa biyu."

A cikin mota na tura saƙo.

Ni: Bukar ya gaya min.

Shi: Bukar ba shi da amana irin ta Baba.

Ni: Kenan duk shiri ne?

Shi: Mikron shiri ne. Tsallen na gwada sau ashirin a ɗaki. Kunyar ba shiri ba ce. In za a yi min dariya, gara ni in nuna musu inda za su fara.

Na karanta wa Baba, ina jiran ya ɓata rai. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, har direba ya waiwayo.

"To ai wannan sana'arsa ce. A dandamali ya yi ta, ba a ƙofata ba."

Ranar Litinin Mahamud ya je shago da ƙafarsa, cikin takalmin soso, ya karɓi jajayen. Baba ya ce nasa ne, ya sa duk ranar da wasa ya buƙata. Rashid kuwa tuni ya ɗauki hoton ƙafafun da ƙurarsu, yana son sabon afish da ƙafa kawai, babu fuska. Ya ce min, "Madam, wannan ya fi na dogon karɓuwa." Bidiyon tsallen ya zagaye wayoyin gari, har ƙawayena na Yamai sun turo min suna tambaya ko shi ne na fuskar wayata.

Kafin Mahamud ya bar shagon, Baba ya sa shi ya taka takardar buhun siminti, ya zagaye ƙafar da fensir. Al'adarsa ce, duk wanda ya auri 'yar gidanmu shi yake ɗinka masa takalmin ɗaurin aure. Ya yi wa mazan 'ya'yan Gwaggo uku.

Jiya da safe Baba ya kira ni zaure. Takardar tana gabansa, da jar fata mai laushi an riga an yanka samanta.

"Tafin ya rage," ya ce. "Na tambaye shi ko in sa tudu ko in bar shi a ƙasa. Ya ce a tambaye ki, ke za ki tsaya kusa da shi."

Gwaggo tana bakin labule da tsintsiya. "Sa masa yatsu uku, Alkasum. Ita da tsayinta, ga ɗaurin kallabi a kai. Hoton aure shekara arba'in yake yi a bango, kowa ya shigo sai ya kalla."

"Yaya, ba ke aka tambaya ba."

Na buɗe baki in ce a bar shi a ƙasa. Amsar da ta dace kenan, ita kuke jira in rubuta muku. Sai wayata ta yi haske a cinyata, na ga hoton da ke fuskarta: ni da ɗagaggen kai, ina murmushi, ina kallon wani dogo a jikin motar aro. Tun ranar zaure nake cewa zan canza shi.

Saƙon da ya kunna ta nasa ne.

Shi: Me kika ce wa Baba? Duk wanda kika zaɓa shi zan sa.

Baba ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin darduma. Ya ce ranar Alhamis zai yanka tafin, kuma in an yanka ba a mayarwa.

Yau Laraba. Saƙon yana nan ban amsa ba, hoton ma yana nan.